Zaren Labari a Ƙasar Auduga

Akwai wani littafin rubutu mai shuɗin bango, irin mai tamanin ɗin nan na 'yan makaranta, da na taɓa riƙewa a ɗakin wata yayata, malamar firamare a wani gari tsakanin Bakori da Malumfashi. In ka buɗe shi ta gaba, lissafin gona za ka tarar: buhun taki nawa aka ɗauko, nawa aka ba mai shanun huɗa, nawa ya rage na 'yan ƙwadago, tiya nawa ta waken suya aka ranta wa maƙwabciya. In ka kifa shi ka buɗe ta baya, sai ka tsinci kanka a gidan wani dillalin hatsi mai mata biyu, ana shirin kawo ta uku. Lissafi na tahowa daga gaba, labari na tahowa daga baya, har suka yi karo a tsakiya, inda layi ɗaya ke cewa saura dubu huɗu, na ƙasansa kuma, a juye, uwargida na share hawaye da gefen mayafi.

Na ce mata, "Yaya, ke da makaranta da gona da yara biyar, yaushe kike zama ki yi wannan?"

Ta ce, "Ai ba a zaune nake yin sa ba. A bayan mashin nake ƙulla shi in za ni makaranta, a bakin murhu nake warware inda ya cukurkuɗe. In dare ya yi, kwafewa kawai nake yi."

Tun daga ranar nake kallon marubutan sha'awa da wani ido daban. Ina nufin waɗanda ba wanda ya ɗauke su aikin rubutu, ba kamfanin da ke jiran su, ba kuma da shi suke ci ba: malamar makaranta, tela, yaron shagon magani, ɗan acaɓa, matar aure da ke cikin gida, manomin da ya yi sakandare ya koma gona. Abin da suka iya, wanda mai ofis da tebur da wutar lantarki ba lallai ya iya ba, shi ne riƙe labari a ka tsawon watanni alhali hannu na wani aikin, a ajiye shi a ɗauko shi sau ɗari, bai tsinke ba.

Wanda ya tashi a ƙasar Funtuwa ya san abin da ake nufi da zare. Auduga ce ta raya garin, ita ta kawo injin gurza da masaƙa, ita jirgin ƙasan da ya riƙa bi ta nan daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda ya yi shekaru yana kwasa. Kafin injin kuwa, tsofaffin mata ke gurza ta a kan dutse, su shiɓe ta da baka, su zauna da mazari da alli suna kaɗi. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai kaɗi ya ga cewa zaren yana tsinkewa a kai a kai. Yaro ya yi kuka, tukunya ta tafasa, an yi sallama a zaure. Gwanar mai kaɗi takan dawo ta kamo bakin da ya tsinke, ta ɗora shi a kan audugar, ta murza da yatsa biyu, in an gama ka bi zaren da ido ba za ka gane inda aka haɗa ba. Bahaushe da ya ce "zaren labari" ya san abin da ya gani.

Haka rubutun waɗannan mutane yake. Damina ba ta barin kowa: shuka, noman fari, zuba taki, maimai, feshi. Kaka ta zo da karyar masara da yankan dawa da sussuka, hunturu ya zo da tsinkar auduga. Rani ne lokacin alƙalami, shi ma ban da masu tumatir da rake irin na Danja, waɗanda nasu aikin a lokacin yake tashi. Saboda haka labari ɗaya kan ƙetare damina biyu. Wanda ya bar jarumarsa a tashar mota a watan Yuni, zai iya dawo mata sai Disamba, kuma dole ya tuna kalar atamfar da ke jikinta, da kuɗin da ke ƙulle a bakin zanenta, da maganar da uwarta ta faɗa mata a ƙofar gida. Wasu kan keɓe shafin ƙarshe su jera sunayen mutanen labarin da dangantakarsu, wane ƙanen wane, wance kishiyar wance. Wasu kan ba wa ƙawa ko ƙane labarin da baki kafin su rubuta, don in sun manta a tuna musu. Yayata kuwa dabararta ita ce ba ta taɓa ajiye biro a ƙarshen babi. Takan tsaya a tsakiyar magana, mutum ya buɗe baki zai ba da amsa, domin gobe ko jibi in ta dawo, amsar ce za ta ja ta ciki. Babu wanda ya koya mata wannan. Yawan tsinkewar zare ne ya koya mata.

Bayan riƙo, sai kunne. A ganina nan ne gwanintar ta fi zurfi, kuma nan ne aka fi raina ta, don mai karatu ba ya lura da ita sai in babu ita.

Hausa harshe ne da ake faɗin rabin magana a bar rabi. Matar kirki a ƙauyukanmu ba ta kiran sunan mijinta, sai Malam, ko Alhaji, ko baban wane. Uwa ba ta kama sunan ɗan farinta. Suruki ba ya cin abinci gaban surukinsa. Marubucin da ya san wannan yana da kayan aikin da ba sai ya yi ta bayani ba. A ce mace kullum in mijinta ya dawo daga kasuwar Dandume takan tarye shi da "Alhaji, sannu da zuwa, ya hanya, ya kasuwa?" Ranar da ta ji labarin zai ƙara aure, ya shigo, ta ce "Sannu," ta ajiye ruwa ta juya. An gama. Ba a buƙatar a rubuta cewa ranta ya ɓaci, zuciyarta na tafarfasa, idanunta sun kaɗa sun yi ja. Duk macen da ta karanta ta san nauyin kalmomin da aka cire. Ko a ce uwar da ba ta taɓa faɗin sunan ɗanta na fari ba, ranar da aka shigo da shi a kan ƙafa ɗaya daga daji, sai ta ƙwala kiran sunan. Wanda bai san alkunya ba zai wuce wurin bai ga komai ba. Wanda ya sani sai ya ajiye littafin ya yi shiru.

Irin wannan ba a samun sa a aji. A gidan suna ake samun sa, da layin injin niƙa, da bayan motar da ta ɗauko 'yan kasuwa daga Sheme, da zauren mai unguwa in ana sasanta rikicin iyakar gona. Marubucin sha'awa yana cikin waɗannan wurare ne a matsayin ɗan gari, da shi ake yi, ba wanda ke gyara harshe don ya gan shi. Wannan gata ne babba.

Yankin nan kuma yana da wani arziki na kunne, don a bakin iyaka yake. Ta arewa Katsinanci ne, da "mi" da "shina" da "ɗiya" da "tahi". Ta kudu, in ka doshi Giwa da Zariya, ka fara jin Zazzaganci, inda ake sassauta bambancin namiji da mace a nahawu. Ga Fulani, ga Maguzawan ƙasar Malumfashi da Kafur, ga baƙin da auduga da jirgin ƙasa suka tara a Funtuwa tun zamanin Turawa. Gwani kan rubuta bayaninsa da daidaitacciyar Hausa, amma in tsoho daga ƙauye ya buɗe baki, sai ya bar shi da "mi ya hwaru" ɗinsa. Da jimla ɗaya ka san daga ina mutum ya fito, ka san shekarunsa, ka san ko ya yi boko.

Kada a ɗauka wannan hanya sabuwa ce. Ƙagaggen labarin Hausa na boko a hannun marubutan sha'awa aka haife shi. Da Rupert East ya shirya gasar rubutu a 1933 daga Hukumar Fassara ta Zariya, babu wani mai sana'ar rubuta littafi a ƙasar nan. Abubakar Imam malamin makaranta ne a Midil ta Katsina, yana da shekara 22, ya rubuta Ruwan Bagaja. Yayansa Bello Kagara, shi ma malami, ya rubuta Ganɗoki. Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa a Bauci ya rubuta Shaihu Umar. Dukansu bayan an tashi daga aiki suka yi. Bambancin kawai, su sun sami hukuma da ta gyara musu ta buga musu. Waɗanda suka biyo baya daga wajen tsakiyar shekarun 1980, lokacin da tattalin arziki ya karye, kamfanonin ɗab'i suka ja baya, su suka zama marubuta, su ne masu gyara, su ne masu biyan maɗaba'a, su ne masu kai wa dillalai a kasuwar Sabon Garin Kano.

A cikin wannan ayari ne Funtuwa ta fitar da Hajiya Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatu suka fi sani da Anti Bilki. Allura Cikin Ruwa ya fito a 1994, Wa Ya San Gobe a 1996, Ki Yarda Da Ni a 1997, har aka mayar da na ƙarshen fim. Daga gidanta a Funtuwa take rubutu, littattafan na zagaya Kano da Sakkwato da Maraɗi. Matan da ke cikin labaranta masu addini ne, masu neman ilimi, masu sanin yadda ake zama da miji ba tare da an zubar da kai ba. Ban san adadin 'yan matan yankin nan da suka fara ɗaukar biro saboda ita ba, amma na san abin da ganin sunan garinku a bangon littafi ke yi wa yarinya 'yar aji uku.

Zamanin nasu ne ya kaifafa gwaninta ta uku, wato sanin inda ake yanke labari. Dalilin kuwa kuɗi ne. Marubuci ba shi da abin buga littafi mai kauri gaba ɗaya, sai ya raba shi: na ɗaya, na biyu, na uku. A buga na ɗaya, in ya sayu a sami na buga na biyu. To, dole na ɗayan ya ƙare a inda mai karatu ba zai iya barci ba, ango ya ɗaga mayafi ya ga ba ita ba ce, ko an buga ƙofa cikin dare. Talauci ya haifar da fasaha. Yau takarda ta yi tsada, masu ba da hayar littafi sun ragu, labari ya koma waya, a WhatsApp da Wattpad da manhajojin sayar da littafi, amma dokar tana nan, ta ma ƙara tsanani. Da can sau biyu ko uku ake yanka a littafi guda. Yanzu kullum ne, don shafi-shafi ake saki. A ba da na farko-farko kyauta, in labari ya kama mutane sai a ce mai son ci gaba ya turo 'yan ɗaruruwan naira. Yanka mai kyau yana da wuya. In ka cika tsoratarwa kullum, a gane ka, a gaji. In ka yi sanyi kwana uku, a watse. Gwanaye sun san cewa tambayar da ke riƙe mutum ba sai ta mutuwa da rayuwa ba. Wani lokaci "za ta gaya wa Inna ko ba za ta gaya mata ba?" ta isa.

Abin sha'awa, babbar muhawarar da aka yi a kan wannan adabi ma da 'yan yankin nan aka yi ta. Farfesa Ibrahim Malumfashi ne ya yaɗa sunan "Adabin Kasuwar Kano", yana kwatanta shi da na kasuwar Onica, yana sukar gaggawarsa da rauninsa da yawan soyayyarsa. Ibrahim Sheme, ɗan ƙasar Faskari, marubucin 'Yartsana kuma mawallafin mujallar Fim, shi ya buɗe shafin adabi na jaridar New Nigerian aka yi ta fafatawa a ƙarshen shekarun 1990, inda irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu suka tsaya wa marubutan. Ni dai ina ganin kowane ɓangare ya riƙe gaskiya guda. Masu kare su sun yi daidai da suka ce waɗannan littattafai sun sa dubban mata karatun Hausa, sun kuma fito da zancen auren dole da saki da kishi fili. Mai sukar kuma ya yi daidai a kan gaggawa, kuma har gobe maganarsa na nan.

Domin raunin marubucin sha'awa na gaske shi ne rashin ido na biyu. Ba edita. Ƙa'idojin rubutun Hausa kuwa ba sa yafiya. Ƙugiya ɗaya ce tsakanin "baki" da "baƙi", tsakanin "kafa" da "ƙafa", tsakanin "bata" da "ɓata", ga shi wayoyi da yawa ba a sa musu allon haruffan Hausa ba. "Akan" daban, "a kan" daban. "Yana" a haɗe take, "ya ce" a rabe. Wanda ya bar makaranta da daɗewa, yana bugawa da babban yatsa ƙarfe sha ɗayan dare, batir na kashi tara cikin ɗari, masu karatu na ta aiko da "Anti shiru muka ji," ba abin mamaki ba ne ya saki shafi bai sake dubawa ba. Waɗanda suka fi burge ni su ne masu danne wannan matsi, su bar shafin ya kwana, da safe su karanta shi a bayyane, su ji inda harshe ya yi tuntuɓe. Wasu kan haɗa kai biyu-biyu, ki duba nawa in duba naki. Wasu sun nemi littafin ƙa'idojin rubutu na 'yan sakandare sun koma ɗalibai da girmansu.

Sauran wahalhalun sanannu ne. A sace maka shafin da ka sayar a watsa shi kyauta kafin gari ya waye, wani lokaci har a cire sunanka. Kuɗin caji da na data su cinye abin da aka samu. Ga gori. Tun da aka ƙona littattafan hikaya a bainar jama'a a Kano a 2007, har yau akwai gidajen da in aka ce wance tana rubuta littafi, sai a kalle ta kamar ta yi abin kunya, shi ya sa da yawa ke fakewa da "Maman wane" ko "Ummu wance". Ga kuma maƙwabta, kowa na neman kansa a cikin labarin, kowace kishiya na zaton da ita ake.

Akwai kuma nauyin da ya faɗo wa wannan yanki musamman. Wanda ke zaune a Faskari ko Sabuwa ko Dandume ko Ƙanƙara ba zai iya yin kamar bai san abin da ke faruwa ba. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Gonaki da yawa sun koma saura don ba a iya zuwa. Rubuta wannan yana buƙatar dabara, don ba a san kunnen da ke saurare ba. Sai a sauya sunan ƙauye, a mai da dutse kogi, a bar 'yan bindigar a bayan fage, a tsaya a kan matar da ke auna hatsin da za a sayar a haɗa kuɗin fansa, tana ƙirga tiya tana ƙirga bakunan da za su ci abin da ya rage. Sau da yawa labarin da aka rubuta da irin wannan taka-tsantsan ya fi taɓa zuciya.

To me ke sa mutum ya jure duk wannan? Akwai gasa, gaskiya ne. Tun 2016 Sashen Hausa na BBC ke shirya Hikayata don mata, kuma ta koya wa marubuta da yawa abin da ba su saba ba, wato matse labari cikin kalmomi ƙalilan bayan sun saba da shafi ɗari. Akwai ɗan abin sayen sabulu. Amma waɗanda na sani, ko ba gasa ba kuɗi za su yi. A al'adarmu akwai maganganun da ƙarami ba ya faɗa gaban babba, mace ba ta faɗa gaban miji, bazawara ba ta faɗa gaban kowa. Labari ne wurin da ake faɗinsu ba a yi rashin kunya ba. Ladan da suka fi so kuwa shi ne wata da ba su taɓa gani ba ta aiko ta ce, "Wallahi kamar a gidanmu kika zauna."

Littafin nan mai shuɗin bango, a ƙarshen 2021 aka cika shi. A watan Satumba na shekarar gwamnati ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi. Yayata tana tsakiyar sakin labarinta a waya, dare ɗaya masu karatunta na nesa suka ɓace. Ta yi kwana biyu tana juya wayar a hannu, sannan ta jawo littafin lissafin gona ta kifa shi. Da matan unguwa suka ji, sai littafin ya fara yawo. Yarinya ta zo ta ce, "Wai in ji Mama a ba ta ci gaban," a ba ta, ya kwana biyu a can ya wuce gida na gaba. Ya dawo da tabon manja a shafi ɗaya, da ƙanshin hayaƙi, da wani rubutu na fensir a gefen shafin da dillalin hatsi ya fara yi wa uwargidansa barazana. Rubutun a karkace yake, irin na wadda ta yi yaƙi da jahilci da girmanta: "Don Allah Malama kar ki bari ya sake ta."

Ta ce mini ta yi mako uku tana ɗauke da wannan roƙo, a bayan mashin, a bakin murhu, a gona ana karyar masara. Ta gwada hanyar da za a yi sulhu, ta kawo wan mijin, ta kawo liman, ta ga duk ba su zauna ba, don mutumin da ta gina tun shafin farko ba mai jin maganar liman ba ne.

Na ce, "To Yaya, ya aka ƙare?"

Ta ce, "Ya sake ta mana. Amma sai da na tabbatar ta sayi keken ɗinkinta tukuna, kuma awakin nan biyu da sunanta suke. Na aika wa mai fensirin da littafin ita ta fara karantawa."